Me Ake Nema a Zaman Ɗanɗana Tsohuwar Giyar Port?

TAMBAYA: Ina aiki a wani otal a birnin Landan. Kwanakin baya wasu baƙi suka kama ɗaki, suka jera kwalaben wata giya da ake kira Port, kowace da shekara rubuce a jikinta, wasu ma sun girme ni. Suna kurɓa, su tofar, su yi rubutu a takarda, sannan su shiga muhawara. Ni ba na sha, amma ina son sanin abin da suke nema, da dalilin da ya sa sai a taro ake yin wannan abu.
Daga wani mai karatu, Landan

AMSA: Malam, hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba shi ka tambaya ba, don haka zan tsaya a kan abin da idonka ya gani.

Port giyar inabi ce da ake yi a kwarin kogin Douro, a arewacin ƙasar Fotugal, kuma ta samo sunanta daga birnin Porto, inda ake lodin ta zuwa ƙasashen waje. Alaƙarta da Ingila tsohuwa ce, domin yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta sa harajin giyar Fotugal ya yi ƙasa da na giyar Faransa a kasuwar Ingila, shi ya sa har yau manyan kamfanoninta da yawa ke ɗauke da sunayen Turawan Birtaniya, irin su Taylor's, Graham's, Dow's da Warre's. A 1756 gwamnatin Fotugal ta shata iyakar yankin da aka yarda a noma inabinta. Abin da ya bambanta ta da sauran giyar inabi shi ne, tun ruwan inabin bai gama tsimuwa ba ake zuba masa barasa mai ƙarfin kusan kashi 77 cikin ɗari, sai tsimuwar ta tsaya, zaƙin inabin ya saura, ƙarfin giyar kuma ya kai kimanin kashi 20.

Shekarar da ka gani a jikin kwalba ita ce shekarar da aka girbe inabin, kuma mafi daraja a cikin Port masu ɗauke da shekara ita ce wadda ake kira Vintage. Ba kowace shekara ke samun wannan daraja ba. Sai wadda ruwan sama da rana suka daidaita har kamfani ya gamsu, ya miƙa samfuri ga hukumar IVDP mai kula da giyar Douro da Porto, ita kuma ta amince. Yawancin manyan kamfanoni kusan sau uku kawai suke yin haka a cikin shekara goma, kuma masana sukan ambaci 1945, 1963, 1970, 1977, 1994 da 2011 cikin shekarun da suka yi fice. Irin wannan giya ba ta daɗewa a ganga; bayan kimanin shekara biyu ake ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba, kuma a cikin kwalbar take yin tsufanta. Tana sabuwa, launinta ja ne mai duhu kusan baƙi, tana da bauri irin na goro. Bayan shekara talatin ko arba'in sai baurin ya kwanta, launin ya koma ja-ja mai ruwan ƙasa, ƙamshin kuma ya karkata zuwa na busasshen 'ya'yan itace da kayan yaji.

A nan dalilin taruwa yake, kuma a ganina shi ne zuciyar tambayarka. Kwalba guda ba ta iya gaya wa mutum ko abin da ya ji a bakinsa ya zo ne daga yanayin shekarar, ko daga hannun kamfanin, ko kuwa daga yadda aka adana ta. Sai an jera su kafaɗa da kafaɗa ake rarrabewa. Wani lokaci sukan ɗauki shekara ɗaya, misali 1977, su kwatanta ta kamfanoni biyar ko shida, domin a ga bambancin hannu tun da yanayin ɗaya ne. Wani lokaci kuma kamfani ɗaya suke bi ta shekaru daban-daban, a ga yadda tsufa ke aiki. Mutum ɗaya ba zai buɗe kwalabe goma masu tsada shi kaɗai ba, musamman da yake tsohuwar Port takan rasa ƙamshinta cikin kwana ɗaya ko biyu da buɗewa, don haka kowa ya kawo tasa, a raba kaɗan-kaɗan. Sau da yawa sukan rufe sunan da ke jikin kwalba, domin kada shaharar kamfani ta rinjayi harshe, kuma wannan ɗabi'a ta gaskiya ce, domin nan ne ƙaramin suna kan kayar da babba. Tofarwar da ka gani kuwa don kada maye ya dushe musu hankali ne kafin su kai kwalba ta ƙarshe.

Tun da aikinka ya haɗa ka da irin waɗannan baƙi, ga abin da za ka lura da shi. Saboda ba a tace ta ba, guggubi yakan taru a cikin kwalbar, shi ya sa ake tsayar da ita tun kwana guda kafin zama, sannan a tsiyaye ta a hankali cikin tulun gilashi, wani lokaci ta cikin ƙyalle mai shara-shara. Idan toshiyar bakin kwalbar ta tsufa har tana marmashewa, akan gasa wani awartaki na musamman har ya yi ja, a maƙale wuyan kwalbar da shi na ɗan lokaci, a shafa jiƙaƙƙen ƙyalle mai sanyi, sai wuyan ya tsinke tsaf tare da toshiyar. A teburin Ingila kuma al'adar ita ce tulun ya zagaya ta hannun hagu, daga mai masauki har ya dawo gare shi, don haka gabansa ake ajiye shi tun farko.