Saitin Madubin Bindigata Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, kuma ina da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bakinta a ɗura, da lasisinta da sunana. Na sa mata madubin saiti mai tsada, amma duk lokacin da na daidaita shi, bayan 'yan harbi kaɗan sai in tarar ƙwayar dalma tana sauka wani wuri daban. Zobban da ke riƙe da shi masu araha ne, mai shago ya haɗa mini da su kyauta. Shin madubin ne ya lalace, in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayen wani madubi, domin bisa abin da ka bayyana, zargina ya fi karkata ga waɗannan zobba na kyauta da kuma mazaunin da suke kai. Abin yana damuna ƙwarai yadda mutum zai zuba riyal masu yawa a madubi, sa'an nan ya ɗora shi a kan ƙarfen da ba a sassaƙa shi da kulawa ba, alhali madubi ba ya iya nuna gaskiya sai in abin da ke ƙarƙashinsa ya tsaya cak.

Lissafi kaɗan zai nuna maka girman lamarin. Idan tazarar da ke tsakanin zoben gaba da na baya ta kai milimita 100, sai ɗayansu ya goce da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kimanin kaurin takarda, to saitinka zai kauce da santimita 3 a nisan mita 30, kuma da santimita 10 a nisan mita 100. Ido ba ya ganin wannan gocewa, kuma saboda haka ne ingancin aikin injin da ya yanka mazaunin yake da muhimmanci haka.

Bindiga irin taka tana da wata ɗabi'a da ke ƙara tsananta matsalar. Lokacin da sifirin ya saki, bindigar takan ja baya, sa'an nan fistan, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, ya daki ƙarshen hanyarsa ta zabura gaba da ƙarfi. Wannan girgiza mai fuska biyu ita ce ke sa madubi ya riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan. Ka sa fensir ka ja layi a jikin bindigar daidai bakin zoben baya, ka ja wani a jikin madubin, ka yi harbi kamar ashirin a wurin da doka ta amince, sa'an nan ka duba. In layin ya ɓuya ko ya yi nisa da zoben, ka kama mai laifin. Maganinsa shi ne mazauni mai ƙaramin turke a ƙasa, wanda ke shiga ramin da yawancin masu ƙera irin waɗannan bindigogi suke hudawa a bayan bindigar, kuma ni na fi son mazauni guda ɗaya mai haɗe da zobbansa a kan zobba biyu rarrabe.

Ka kuma tabbatar da ma'auni. Yawancin bindigogin iska na Turai suna da tsagi biyu masu tazarar milimita 11, yayin da tsohon ma'aunin Amurka yake kusan milimita 9.5, kuma zoben da aka yi wa ɗaya yakan zauna a karkace a kan ɗayan ko da ya ɗauru. Haka lamarin yake tsakanin Picatinny da Weaver, wato nau'i biyu na layin ƙarfe mai gurabe da ake ɗaura zobban madubi a kai, waɗanda suke kama da juna a ido. Picatinny ma'auni ne da sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, faɗin gurbinsa milimita 5.23, kuma tazarar gurabensa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, amma gurbin Weaver milimita 4.57 ne, tazararsa kuma ba ta da ƙa'ida guda. Shi kansa bututun madubin ko dai inci 1 ne ko milimita 30 a mafi yawan lokuta, kuma zoben ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

In ka je shago, ɗauki mazaunin a hannunka ka shafa cikin zoben da yatsa. Aiki mai kyau santsi ne da shi, ba kaifi a gefe, noti kuma yana shiga da hannu ba tare da cijewa ko lilo ba. Wanda aka narkar da ƙarfensa aka zuba a mazubi yakan nuna layin haɗi a gefensa, kuma haƙoran notinsa kan cinye da wuri. Wajen ɗaurewa, masu ƙera madubai da yawa suna ba da shawarar ƙarfin da bai wuce kimanin nuton-mita 2 (ma'aunin ƙarfin matse noti) ba a notocin saman zobe, domin matsewa fiye da kima na iya lotsa bututun ya hana abin da ke ciki motsi daidai. Tun da a Jidda kake, ka riƙa shafa wa kan notocin mai kaɗan saboda danshin teku.

Akwai kuma wata matsala ta bindigogin da ake karyawa, wato bakin yakan ɗan sunkuya ƙasa da layin mazaunin. Mai ita sai ya yi ta murɗa maɓallin da ke ɗaga saiti sama har ƙarshe, daga nan sifirin ɗin da ke cikin madubin ya saki, saiti ya riƙa yawo. Idan ka lura maɓallinka ya kusa ƙurewa, nemi mazauni mai ɗan gangara da aka yi domin gyara wannan sunkuyawa, ka mayar da maɓallin tsakiya kafin ka sake saiti. Ka gama duk wannan kafin lokacin farauta da Cibiyar Kula da Namun Daji ta Saudiyya ke buɗewa, wanda ake neman izininsa ta manhajar Fitri, domin saitin da ba shi da tabbas yakan raunata tsuntsu ya tafi yana wahala. Idan ka sauya mazaunin kuma layin fensir ya tsaya amma ƙwayar ta ci gaba da warwatsuwa, to a nan ne za ka kai madubin wurin mai gyara, ka tambaya ko an ƙera shi ne domin jure girgizar bindigar sifirin.