Ina da kibod guda biyar, yaya zan jera su ƙura ba ta lalata su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hotoro, kuma na tara kibod na makanikal guda biyar, biyu masu gidan alminiyam, ɗaya mai batir. Ina ganin masu irin wannan sha'awa a YouTube suna jera nasu a bango ko a kan 'yar roba mai garai-garai. Wanne ya fi dacewa in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Waɗanda kake gani suna jera nasu a fili, da yawansu a Turai da Amurka suke, inda tagogi a rufe ruf, iskar kuma ba ta ɗauke da ƙasa. Mu nan Kano daga Nuwamba har zuwa Maris hunturu ne. Ka goge tebur da safe, kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Don haka shawarata ita ce ka fara da abin da zai rufe su, maganar matokari ta biyo baya.

Dalili kuwa, kibod na makanikal kowane maɓalli da nasa suwic a ƙarƙashi, da sifirin da 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa idan an danna. Suwic irin wanda ake kira Cherry MX da masu kwaikwayonsa duk suna da 'yar kafa a gefen sandar da ke hawa da sauka, ta nan ƙura ke shiga. Idan an sa wa suwic ɗin mai, irin su Krytox 205g0, abin ya fi muni, domin ƙura na cakuɗewa da man ta zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Daga nan sai ka ji maɓalli yana gurzawa idan ka danna, ko ka danna harafi ɗaya biyu su fito. Kibod ɗin da ake aiki da shi kullum ma ya fi wanda aka jingine a bango samun sauƙi, tunda ana kakkaɓe shi.

Je wurin masu aikin alminiyam da gilashi, su yi maka shogilas irin na masu sayar da waya a Farm Centre. Ka ce a sa roba a bakin ƙofar yadda za ta manne, kuma ƙofa mai buɗewa ta fi mai zamewa, saboda mai zamewa tana barin rata a tsakiya. Ka tafi da awo a takarda. Ƙaramin kibod ɗin nan da ake kira kashi 60, mai maɓalli wajen 61, faɗinsa wajen santimita 30 ne, mai maɓalli 87 wajen 36, cikakke mai 104 kuwa kusan 44. Kanta mai faɗin santimita 50 da zurfin 20 za ta ɗauki kowanne. Masu gidan alminiyam na iya kai kilo biyu, don haka su zauna a kantar ƙasa, gilashin kantar kuma kada ya gaza milimita 8.

Matokarin ciki ba sai ka yi odarsa daga waje ba. Kafinta zai yi maka da ragowar katako: 'yar maƙala a ƙasa mai tare kibod, da majingini a baya mai ɗan kishingiɗa. A liƙa soso siriri ko ƙyalle inda zai taɓa jikinsa, don katako tsirara yana kankare fenti. In ka riga ka sayi na roba mai garai-garai, kada ka goge shi da sifirit, tsattsagewa yake yi. Ruwa da tsumma mai laushi sun isa.

Sai rana. Maɓallan robar ABS, musamman farare, suna komawa ruwan ɗorawa idan hasken rana na dukansu, kuma gilashin taga ba ya tare wannan gaba ɗaya. Maɓallan robar PBT sun fi juriya. Ka kafa shogilas a bangon da rana ba ta kaiwa.

Mai batir ɗin nan shi na fi damuwa da shi. A watan Afrilu zafin Kano na wuce digiri 40, ɗakin da ba silin kuma ya fi haka. Batirin litiyam da aka bari cike taf a cikin irin wannan zafi yana saurin mutuwa, wani har ya kumbura. Ka bar shi da rabin caji, ka kashe maɓallin da ke bayansa, ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu ko uku. Da ka ga ƙasan kibod ɗin ya fara tasowa, a cire batirin nan take.

Da damina, jefa 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi cikin shogilas, don su tsotse danshi. Ka guji cin abinci kusa da su, don ɓurɓushi ke kawo tururuwa da kyankyaso. Wanda kake aiki da shi a tebur kuwa, rufe shi da ƙyalle mai kauri duk dare, ka ajiye burushin fenti sabo mai laushi a gefe don sharar tsakanin maɓallai.