Ɗanyen kofi ba ƙamshi, ko dai lalatacce aka kawo min?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah yayana ne ya dawo daga Kamaru ya kawo min tsarabar ɗanyen kofi kusan mudu biyu, wai robusta sunansa. Toh na buɗe leda naga ƙwayoyin ƙanana ne, kalarsu tsakanin kore da ruwan ƙasa, kuma ko kaɗan babu ƙamshin gahawa. Ya lalace ne ko haka yake? Kuma ya zan yi da shi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, haka ɗanyen kofi yake, ƙamshin da kika saba ji sai ya sha wuta yake fitowa. Robusta kuwa in kika shinshina shi ɗanye, warin ɗanyar gyaɗa zaki ji, kuma lafiyarsa ƙalau.

Zuba kaɗan a tafin hannu ki duba. Ƙwayar robusta gajera ce, ta fi kusa da zagaye, tsagar dake tsakiyarta a miƙe take, ita kuma arabica, wato ɗayan nau'in kofin, doguwa ce tsagarta a lanƙwashe. Asalin bishiyar ma ta nan Afirka ce, dazukan tsakiya da yammaci, tana jure zafi da cuta, tana yi a ƙasa mara tudu, shi yasa ake nomanta a kudancin Kamaru da Kwaddibuwa da Yuganda, duk da yanzu Biyetnam ce tafi kowa nomanta a duniya, kuma yawancin kofin gwangwani da mai shayi ke zubawa daga ita ake yinsa.

Abinda nake so ki riƙe sosai shine ƙarfinsa. Sinadarin kafeyin dake hana barci ya haura kashi 2 cikin 100 a robusta, wato kusan ninki biyu na arabica, ga sukari da maiƙo kaɗan a cikinsa, shi yasa yake da ɗaci da kauri a baki. Kar ki cika cokali kamar yadda kika saba, kuma mai juna biyu ko mai hawan jini gara su tambayi likita tukun.

Lalacewa kuma danshi ne ke kawo ta. 'Yan kasuwar kofi suna son danshin ƙwaya ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12, ke da baki da na'ura sai ki ɗan cije guda ɗaya a hankali, mai kyau tauri gareta sosai, in kika ji ta yi laushi tana lotsawa toh ta sha danshi. In kuma kinji warin rima ko kinga fumfuna wallahi zubar da shi kawai, domin wannan fumfunar na iya barin guba mai cutar da ƙoda kuma wuta bata gama kashe ta. Ki zauna da faranti ki tsince baƙaƙe da masu hudar ƙwaro da tsakuwa, baƙar ƙwaya ko 'yan kaɗan ne suna ɓata ɗanɗanon tukunya gaba ɗaya. Ki cire shi daga ledar nan ki sa a buhun algarara ko na yadi, nesa da ƙasa, nesa da daddawa da kayan yaji da kananzir saboda yana kwasar wari.

Suya kuma ba wuya, kasko busasshe babu mai, wuta madaidaiciya, kina juyawa ba tsayawa. Zai koma rawaya, sannan ruwan ƙasa, ɓawon yana tashi, sai kiji yana ƙas-ƙas, ki ƙara ɗan lokaci kaɗan ki sauke ki baza a tire ya huce. Zai kumbura amma nauyinsa zai ragu da kashi 15 zuwa 20. A Sudan, inda ake sayen robustan Yuganda da yawa, haka mata ke soya shi a gida su daka da citta su dafa a jabana, wato butar dafa gahawa, kuma ni a ganina cittar nan tana gyara ɗacinsa ƙwarai. Ki riƙa soya na sati ɗaya kawai, sauran ki barshi ɗanye, a haka yana kai watanni bai canza ba.