Tambaya da Amsa: Girki da Kokot a Madafar Gida

Saƙonnin da suka fi yawa a wannan karon kan tukunyar matsin tururi ne, wadda muka fi sani da kokot. Duk lokutan da muka bayar a ƙasa na tukunya mai lita 6 ne a kan gaz, kuma ana fara ƙirga su daga lokacin da tururi ya fara huci da ƙarfi, ba daga lokacin da aka ɗora ba.

Assalamu alaikum. An saka mini kokot cikin kayan ɗaki, har yau tana cikin kwalinta. Surukata ta ce fashewa take yi. Gaskiya ne? Kuma ta ina zan fara?
Wata amarya, unguwar Zariya, Maraɗi

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Tsoron Hajiya yana da tushe, domin tukunya ce da ke tsare tururi mai zafin gaske. Sai dai ba haka kawai take fashewa ba. Kusan kullum ɗayan abu biyu ne: ko hanyar tururi ta toshe, ko an buɗe murfi da ƙarfi alhali akwai sauran matsi a ciki.

A tukunyar da muka saba, ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan wutar da aka yi masa, ƙarin wuta tururi ne kawai yake zama ya tashi. Kokot tana kulle wannan tururin, matsi ya hau, zafin ruwan ya kai digiri 115 zuwa 120. Shi ya sa naman da kan ci awa biyu yake nuna cikin minti 30 ko 40. Dabarar ma tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙirƙiro ta a 1679, irin ta gida mai sanda a kan murfi kuma kamfanin SEB ya fito da ita a 1953.

Ki ɗauko murfin ki duba abu uku. Akwai robar da ta zagaye bakinsa, ita ke hana tururi fita. Akwai ɗan bututu a sama wanda supap ke zaune a kansa, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa ko yake yin fito. Sai ƙofar tsaro, ƙaramar kafa ce da ke buɗewa da kanta in bututun ya toshe. Kafin kowane girki ki cire supap, ki ɗaga murfin sama ki leƙa ta cikin bututun. In kin hango haske, hanya a buɗe take. In ba ki hango ba, ki sa tsinke ki share. Wannan leƙen shi ne rabin lafiyar tukunyar, kuma muna roƙon ki koya wa duk wanda zai taɓa ta a gidan.

Girkinki na farko ya zama ruwa zalla. Ki zuba lita ɗaya, ki rufe, ki sa wuta sosai. Cikin minti 5 zuwa 10 za ta fara huci. Nan take ki rage wuta can ƙasa, yadda hucin zai ci gaba a hankali ba tare da ya ɗauke ba. Bayan minti 5 ki kashe ki bar ta. In ta yi shiru, ki ɗan ɗaga supap da cokali mai yatsu. Babu tururi? To ki buɗe, kina karkata murfin yadda sauran tururin zai bi gaba, ba fuskarki ba. In murfi ya ƙi buɗuwa kada ki yi kokawa da shi, akwai sauran matsi ke nan.

Ƙa'idar cikawa kuma: nama da miya kada su wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar, wake da shinkafa kada su wuce rabi, ruwa kuma kada ya gaza kofi ɗaya babba, wato kwata na lita.

Na dafa wake, sai ga kumfa da ɓawo suna feshi ta saman murfi har bango. Rabin tiya na zuba, na sa kanwa kamar yadda na saba. Ina na yi kuskure?
Wata uwar gida, Tasawa

Uwar gida, a wuri biyu: yawan waken da kuma kanwar.

Rabin tiya ya yi wa lita 6 yawa. Wake yana kumbura ya ninka kansa fiye da sau biyu, yana kumfa, ɓawonsa yana saɓulewa ya taso sama. In tukunya ta cika, wannan ɓawon ne ke shiga bututu. Ke kin yi sa'a ya fita. Da ya maƙale a ciki, ƙofar tsaro ce za ta buɗe ta watsa abin da ke tukunyar. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne rabin kilo na wake da ruwa lita ɗaya da rabi, sai man gyaɗa cokali ɗaya babba, domin mai yana kwantar da kumfa. Gidan da ke cin tiya guda a zama ɗaya, tukunya mai lita 10 ko 12 ta dace da shi, ita ma sai an raba waken biyu.

Kanwa kuwa ki ajiye ta gefe. Ana sa ta ne don wake ya yi saurin laushi, kokot kuma ta riga ta ɗauke wannan aikin. Abin da ya rage mata a ciki ɓarna ce: tana ƙara kumfa, tana baƙanta alminiyam har ta riƙa cin jikinsa, tana kuma lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin waken. In cikin tukunyarki ya riga ya yi baƙi, ki tafasa ruwa da lemun tsami ko tsamiya a ciki ba tare da kin kulle ba, zai washe.

Waken da ba a jiƙa ba yana son minti 12 zuwa 15. Wanda ya kwana a ruwa, minti 5 zuwa 7 sun ishe shi. Tsohon wake da ya daɗe a rumbu ko a buhu cikin zafi yakan yi gardama, ki ƙara masa minti 5. Tumatir da duk wani abu mai tsami su jira sai ya nuna, don tsami yana hana wake laushi. In lokaci ya cika ki kashe wuta ki bar tukunyar ta huce da kanta, kamar minti 10 zuwa 15. Kada ki ɗaga supap don sauri a kan wake. Matsi in ya faɗi farat ɗaya, ruwan ciki yana ɓarkewa da tafasa, kumfar ta sake bin bututu.

In shinkafa da wake ne, ki ba waken minti 8 kawai, ki bari ta huce, ki buɗe ki zuba shinkafar da gishiri, ki ƙarasa da murfi a ɗore ba a kulle ba. Haka za ki riƙa ganin ruwanki, shinkafar ba za ta caɓe ba.

Muna sayar da farfesun kai da ƙafa da yamma, gaz yana cinye mana riba. Minti nawa kowane nama yake so? Kuma me ya sa romon kokot yake fitowa salam-salam?
Wata mai sana'ar abinci, Sabon Gari

Hajiya, sana'arki ce ta fi kowa cin moriyar wannan tukunya, Allah ya sa albarka. Ƙafar sa da aka babbake aka sassara tana son minti 50 zuwa awa ɗaya. Kan rago minti 40 zuwa 45. Tumbi da sauran kayan ciki minti 30 zuwa 35, amma ban da hanta, ita a ƙarshe ake jefa ta bayan an buɗe. Naman sa minti 25 zuwa 30, na rago ko akuya 20 zuwa 25. Kazar gida da zabo wajen minti 20, tsohon zakara ya ɗan fi haka. Kazar gidan gona kada ta wuce minti 10, in ba haka ba sai dai ki tsince ta da cokali. Ki fara da ƙaramin adadin, in bai yi ba ki mayar ki ƙara minti 5. Wanda bai nuna ba yana gyaruwa, wanda ya narke kuwa ya tafi.

Romo yana fitowa salam ne saboda kina zuba ruwa irin na tukunyar da kika saba. Can ruwa yana ƙonewa ya ragu, nan kuwa kaɗan ne yake fita, naman ma yana ƙara nasa. Ba sai ruwa ya sha kan nama ba, ya kai rabinsa ya isa. Girkin da zai kai awa ɗaya dai kada ruwansa ya gaza lita guda. Albasa, citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa su shiga tun farko. Bayan kin buɗe ki ɗanɗana, ki gyara gishiri da attarugu, ki bar shi ya tafasa a buɗe minti 5 zuwa 10 don romo ya kama jikinsa.

Batun gaz kuma, ga inda da yawa suke asara. Da zarar ta fara huci, barin wuta a sama ba ya ƙara mata zafi ko kaɗan, supap ne zai riƙa zubar da tururin da kika saya da kuɗinki, ruwa ya ƙare, ƙasa ta kama. Ribar tana cikin rage wuta.

Tawa tana zubar da tururi ta gefen murfi, ba ta kai ga yin fito. Akwai kuma wata ƴar kafa da ke tsiyaya, na ce zan kai wa mai gyara ya liƙe ta.
Wani magidanci, Tibiri

Malam, don Allah kada a liƙe ta, kada a sa mata ƙusa ko dalma. Ƙofar tsaro ce. Ita ce ke tsakanin iyalinka da ƙuna ranar da bututu ya toshe. In tana tsiyaya, sabuwa ake saya a canza, kuma kafin a canza tukunyar ta huta.

Zubar gefen murfi yawanci roba ce. A cire ta a wanke, a duba ko ƙwayar shinkafa ko busasshen mai ya maƙale a mazauninta. In ta tsage, ko ta bushe ta yi tauri, ko ta saki ta yi wa murfin yawa, ta gama aiki. Zafin bazara da bushewar hunturu irin namu suna saurin cinye roba, don haka tukunyar da ake girki da ita kullum a canza mata duk shekara. Ka tafi kasuwa da murfin a hannu, domin kowane kamfani da girman tasa. A ajiye tukunyar da murfi a kife a kanta, ba a kulle ba. In an sa sabuwar roba zubar ba ta tsaya ba, ka shafa bakin tukunyar da yatsa. Wadda ta faɗi bakinta ya lotsa, ko aka saba buga ludayi a kai, ba ta ƙara riƙe matsi, sai dai a mayar da ita tukunyar miya.

Ba mu da gaz. Tana yiwuwa a kan gawayi ko itace?
Wata ƴar'uwa, Madarumfa

Tana yiwuwa, ƴar'uwa, amma sai kin tsaya a kanta. A kan gawayi, in ta fara huci ki kwashe rabin garwashin ki rufe ƙofar iskar murhun. A kan itace ki janye itatuwan ki bar garwashi, kuma tun farko kada harshen wuta ya haura gefenta, yana ƙona mariƙi da roba. Ki tabbatar ta zauna daram. In kina son buɗewa da sauri a kan nama ko dankali, ki sauke ta ƙasa ki tsiyaya ruwan sanyi da buta a gefen murfin, ban da kan supap, har hucin ya mutu. Wanda tururi ya ƙona, a sa wurin cikin ruwan sanyi mai tsabta minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, in ƙunar tana da faɗi ko a fuska take a wuce asibiti.

Zan iya tuwo da miyar kuka a ciki?
Wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

A'a, ƴata. Tuwo, kunu da fate suna son tuƙi da motsawa, kuma kaurinsu yana toshe bututu. Kuka, kuɓewa da duk miyar yauƙi haka. Ki dafa naman da daddawa da kayan ƙamshi a kulle, ki buɗe, sannan ki kaɗa kukarki a buɗe kamar kullum. Miyar tumatir mai kauri ma takan kama a ƙasa tun kafin tururi ya taru, don haka in kin soya kayan miya a ciki ki zuba ruwa ki kankare ƙasan da muciya kafin ki rufe. Suya da mai mai yawa kuwa ba a kulle murfi a kanta ko kaɗan.