Amsa: Sabar Linux tana sumewa bayan ɗaga shmmax

Malam, ka ce tun da ka ɗaga shmmax da shmall, wato saitunan da ke iyakance ƙwaƙwalwar haɗaka (sashen RAM da manhajoji ke amfani da shi tare), kanel (zuciyar tsarin Linux) yake faɗuwa. Ni shmall nake zargi. Shmmax da bayit ake ƙirga shi, shi kuwa shmall da shafi, kowane shafi galibi bayit 4096. In lamba ɗaya ka zuba musu, ka buɗe ƙofar da RAM ɗinka ba zai iya cikewa ba. Kuma ƙwaƙwalwar haɗaka ba ta sakuwa don an kashe manhajar da ta kama ta.

Duba ipcs -m don ganin ƙwaƙwalwar haɗakar da aka kama, sannan journalctl -k -b -1 don ganin saƙonnin kanel na kunnawar da ta gabata. In babu alamar ƙarewar RAM, bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana aiki. Na taɓa shan wahalar irin wannan kwana uku a shagona a Sabon Gari, ashe zafin Afrilu ne da ƙurar da ta toshe fanka.