Amsa: Me zai faru da jaruman da na saya idan aka kashe sabar wasa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa wasan faɗa ke neman intanet ko kai kaɗai kake bugawa, da kuma makomar jaruman da ka saya.

Wasannin yanzu kamar Street Fighter 6 da Tekken 8 ba a gama su ranar da aka fitar. Kamfani kan riƙa ƙara jarumai kakar wasa bayan kakar wasa, yana rage wa wannan ƙarfi, yana ƙara wa wancan, kuma ta intanet waɗannan canje-canje suke iso maka. Wannan yana da daɗi, amma jarumin da ka kwashe wata uku kana koyo zai iya canzawa dare ɗaya.

Damuwarka ta biyu ita ce mai nauyi. An rufe sabar wasan faɗa na MultiVersus (wato kwamfutar kamfani da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet) a watan Mayun 2025, sai waɗanda suka shiga kafin rufewar ne suka iya ci gaba da bugawa ba intanet. Abin ya sosa mini rai, domin mutane sun zuba kuɗi a ciki.

Kafin ka saya, duba ko mutum biyu za su iya karawa a na'ura ɗaya ba tare da intanet ba. Kada kuma ka dogara da Wi-Fi idan kana karawa ta intanet: irin wannan wasan na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, ɗan tsaiko kaɗan ya isa ya ɓata maka kariya. Jona na'urarka da kebul na intanet kai tsaye.

Idan abin da ka biya bai fito ba, adana rasit ka tuntuɓi sashen taimako na kamfanin.