Tambaya da Amsa: Soson Sanfefa Zai Iya Maye Gurbin ta Takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, gadaje da kujerun amare nake haɗawa. Duk lokacin da na goge aiki tsakanin shafin fanis na farko da na biyu, sai sanfefa ta cinye bakin zanen da ke allon gado har farin katako ya bayyana. Na ga wani soso mai yashi a jikinsa wajen masu sayar da fenti. Shin zai magance mini wannan, kuma zan iya daina sayen sanfefar takarda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sosan zai raba ka da cinyewar baki, amma ba zai raba ka da sanfefar takarda ba, kuma ina so ka riƙe wannan kafin ka ciro kuɗinka.

Abin da ke faruwa da kai shi ne, idan ka naɗe takarda a yatsu, duk ƙarfin hannunka yana taruwa ne a kan tudun zanen, inda fanis ya fi ko'ina rashin kauri, shi ya sa shafa biyu ko uku take isa ta huda shi. Soso kuwa yana lotsawa, ya raba nauyin hannu a faɗin wurin. Ka naɗe shi a ƙafar gado da aka fiƙe a inji, ka dunƙule hannu a hankali kana juyawa, za ka ji ya rungume ta, ya shiga kwarin zanen ya hau tudunsa ba tare da ya yanke bakin ba. A irin wannan aiki ban san abin da ya kai shi ba.

Sai dai wannan laushin nasa shi ne kuma rauninsa. A kan allo mai faɗi, musamman inda ka haɗa katakon malaina ko na maɗaci da gam, soso bin tudu da kwari yake yi, ba ya baje su. Hannu zai ji santsi, amma da ka shafa fanis ka jingine allon a hasken la'asar, sai ka ga fuskarsa tana hawa da sauka. A nan sai sanfefar takarda a naɗe jikin guntun katako miƙaƙƙe: ka fara da mai lamba 80 (lambar tana nuna kaushin yashin ne, ƙaramar lamba ta fi kaushi), ka koma 120, sannan 180, kana bin tsawon jijiyar katakon, kada ka tsallake lamba ko ɗaya, domin kowace tana share kartar da ta gabace ta ne. Bayan haka soso mai lamba 220 ya shiga lunguna da zane, mai 320 ko 400 kuma ya yi aikin tsakanin shafi da shafi. Wasu kamfanoni ba sa buga lamba a jikin sosansu, saboda haka ka gwada shi a ɓallin katako tukuna.

Ka tabbata fanis ya bushe har ciki, domin a hunturu samansa kan yi saurin bushewa alhali ƙasansa da sauran danshi. Idan ka goga ka ga farin gari yana tashi, to ya yi. Idan kuwa yana mulmulewa yana toshe sosan, ka dakata zuwa gobe.

Ana wanke sosan da ruwa a sake amfani da shi, amma a bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen soso yana tayar da gashin katako, allon MDF kuwa, wato wanda ake yi da garin katako da gam, kumbura yake yi idan ya sha ruwa. Kuma don Allah ka riƙa sa takunkumi, kai da yaran shagonka, musamman ranar da aka kawo muku tsohuwar ƙofa a kankare, domin wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuwa guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa.